Hayaƙinsa Ne Lafiyarsa

Ku yaran yanzu kuna ganin gyaran babur ba wani abu ba ne. Abu ya lalace, ka kwance shi, ka aika shago a sayo sabo, ka ɗaure, ka karɓi sallama. Wannan ba gyara ba ne, canji ne, kuma ko mai sayar da rake a bakin tasha zai iya in aka nuna masa inda noti yake. To, tun da kun ishe ni da tambaya a kan tsohon babur ɗin nan da ke jingine bayan rumfa, wanda nake hana kowa taɓawa, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Sunansa Mai Turare, ɗan Japan ne na asali, kuma ya girmi iyayen wasunku.

A bayan a-kori-kura aka kawo mini shi nan Talata Mafara, an jibge shi a kan buhunan dankali. Da aka sauke shi sai da kanikawan layinmu suka bar aikinsu suka zo kallo. Tayoyin sun tsattsage. Ɓeraye sun cinye soson kujera sun bar ƙarfe. Zanzaro ya yi gini a cikin salansa, tanki kuwa in ka girgiza shi sai ka ji tsatsa tana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Na taka kik, ko gezau bai yi ba, ka ce walda aka yi masa. Wani cikin kanikawan ya ce, "Baba Sanda, wanga ai sai dai a auna shi kilo a sai da ƙarhen." Kowa ya bushe da dariya. Ni dai na ɗauko kananzir.

Ga yadda aka yi ya zo hannuna. Mai shi Malam Bawa ne na Bakura, maigidana, wanda ya koya mini wannan sana'a. A lokacin tsufa ya kama shi sosai, idanunsa duka biyu sun rufe. Wata rana da damina ɗansa Lawali, magidanci mai 'ya'ya, wanda ke kabu-kabu da babur tsakanin Bakura da Mafara, ya tsaya a garejina ya ce Baba na nemana. Washegari na tafi.

Na same shi zaune a kan buzu a zaure. Tun kafin in yi sallama ya ɗago kai.

"Sanda, kai na? Na ji mashin ɗinka tun daga kwana. Sarƙarka ta yi sako."

Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Mafara, ya tambayi aiki da ruwan bana, na tambayi jiki, ya ce alhamdu lillahi. Sai da muka gama tas sannan ya nuna kusurwar zaure da sandarsa, daidai inda babur ɗin yake a lulluɓe da tsohuwar tabarma.

"Na jiya Lawali na ciniki da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarhe bisa Mai Turare. Idona ya tahi, amma kunnena na nan."

Lawali ya sunkuyar da kai. "Yaya Sanda, walle ba da wata manuhwa ba. Zauren ga muka son mu maishe shago. Kuma abin ga ya mutu tun ban yi aure ba."

Maigida ya juyo wajena. Ya ce, "Luba na zuwa bayan kaka ta ɗauke ni zuwa Sakkwato, wai can likitoci suke. Na san in na tahi ba ni ƙara hawan komi sai gado. So nikai in ƙara jin shi ƙarƙashina, ko sau guda. Kana iyawa, ko kai ma ka koma ɗan canji?"

Luba ita ce babbar 'yarsa, kuma in ta ce za ta yi abu, to an gama. A lokacin gero ya fara fitar da kai. Na ce masa, "Maigida, in Allah ya yarda za ka hau shi kafin ta zo." Na faɗi haka ne ban ko ɗaga tabarmar ba.

Don ku gane abin da ya sa bakina ya riga hankalina, sai kun san wane ne wannan mutum a wurina. Ni ɗan Ruwan Gizo ne, gidan noma. Ina yaro in babur ya ratsa ƙauyenmu sai in jefar da fartanya in bi shi da gudu har ya ɓace. Da mahaifina ya gaji da dukana sai ya kama hannuna ya kai ni Bakura, ya danƙa ni ga Malam Bawa, ya ce ga shi nan, ko ƙarfe zai yi masa abin da sanda ta kasa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa inji ba. Aikina wanke notuna da kananzir a cikin tsohuwar tasa, in jera su a kan kwali yadda aka kwance su. In na sauya wa guda wuri, ba zai yi faɗa ba, juye su duka zai yi cikin ƙasa ya ce in sake.

Kayan aikinsa jaka ɗaya ce ta fata. Sifanu da suka sha hannu har lambarsu ta goge, filaya, ƙaramar guduma, magagari, da wata doguwar sukundireba da ya yi wa ƙota da ice. Wannan sukundireba ita ce likitansa. Zai ɗora tsininta a jikin inji yana aiki, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido, sannan ya gaya wa mai babur abin da ke damunsa tun kafin a kwance noti ɗaya. Fakin da ake shimfiɗawa a mahaɗar inji ba ma saya, da kwali muke yankawa. Abin da ya karye a kai wa maƙeri. Ba don rowa ba, kayan ne babu, sai an je Gusau ko Sakkwato.

A kan Mai Turare ya koya mini tuƙi, a filin idi na bayan gari. Ya ce baki ba ya koyar da tuƙi, domin iska ke kwashe magana. Ya zaunar da ni gaba, shi ya zauna baya. In ya dafa kafaɗata ta dama, in karya dama. In ya dafa ta hagu, in karya hagu. In ya danna tsakiyar bayana, in ƙara wuta. In kuwa ya dafa kafaɗu biyu a tare, to in tsaya. Ranar farko da na ji iska ta cika mini riga, ƙasa na gudu a ƙarƙashina, ban san sa'ad da na fara dariya ba. Muka zaga, muka sake zagawa. Can ya dafa kafaɗu biyu. Ni kuwa na ɗan karkata kai na ce, "Ban ji ba!" na murɗa totur. Ranƙwashin da na sha a ranar har yau in na shafa wurin ina tunawa.

Tun daga nan ban warke ba. Ina son tuƙin babur, kuma ban taɓa jin kunyar faɗi ba. 'Ya'yana sun sha cewa in nemi 'yar mota saboda shekaru, ni kuwa mota ɗaki ce mai taya. Wanda bai taɓa bin gefen kanal ɗin ban-ruwa da sassafe bayan an ɗauke ruwa ba, shinkafa kore shar dama da hagu, sanyi na dukan ƙirjinsa, ba zai san abin da nake nufi ba.

Da na buɗe nawa gareji a Mafara na ga mutane iri-iri. Akwai wani Bafillace da ke kawo mini babur duk ranar kasuwa, rabinsa ɗaure da igiya. Ba ya cewa kafireto ko fulogi. Cewa yake, "Sanda, shina tari da sahe, kuma ya rage cin abinci." Kuma wallahi bayaninsa ya fi na masu boko da yawa kai ni ga ciwon. Akwai wani manomin garin Kaya da ke ɗora wa babur buhunan masara da akuya da ƙanensa, in shokozoba ta karye ya ce jabu na sa masa. Akwai malaman da ke zuwa Jangebe koyarwa, su nasu kullum sauri ne, a gyara yanzu-yanzu kafin a buga ƙararrawa. Duk ka iya da su, domin rabin sana'ar nan haƙuri da mai babur ne.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda ku ma kun gani da idonku. Saboda ɓarayin daji aka taƙaita hawan babur, aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe kasuwanni, layin waya ya ɗauke. Garejin nan da kuke gani cike, sai mu wuni ba a kawo ko facin taya ba. Abin da ya fi ciwo, bakanike ya zama abin zargi. Baƙo ya kawo babur, ka gyara a ce kana yi wa mutanen daji aiki, ka ƙi ka kwana da tsoro. Da yawa cikinmu suka rufe suka tafi kudu. Ni na ce ba inda zan je. Na koma gyaran injin ban-ruwa da injin markaɗe, ina bin fadamu da jaka a kafaɗa. Manoma na biya na da shinkafa da albasa, wani kuma ya bar mini mataccen injinsa ya ce in ga abin da zan yi da shi. Na tara su a bayan rumfa, mutane na cewa Sanda ya zama ɗan gwangwan.

To, mu koma ga Mai Turare. Aikin farko jiƙo ne. Na cire fulogi na ɗura kananzir ta ramin, na bar shi yana sha, kullum in zo in ɗan girgiza kik a hankali in ƙara masa. Mai gaggawa guduma zai ɗauka, ya fasa abin da ba shi da na biyu. Kafin ya saki na wanke tanki da tsakuwa da kananzir, ina jijjigawa har kafaɗuna suka yi tsami. Salansa na gasa a wuta na kakkaɓe. Wayoyi duka na sake. Kafireto na warware shi ɗaya bayan ɗaya, na huda hancinsa da silin waya. Ranar da kik ya motsa, na buɗe injin na ga abin da nake tsoro. Tsatsa ta cinye fistin da ringinsa, ba su da sauran amfani.

Na zaga shagunan Mafara, na aika Gusau, na aika Sakkwato. Masu shago matasa ko sunan irinsa ba su taɓa ji ba. Daga ƙarshe wani tsohon direba ya ce in gwada Alhaji Ɗanjumma na Maradun, wanda ya sayar da kayan babur tun zamanin da, ya daina. Kun san hanyar Maradun ba a shigarta da ka. Na jira ranar da motocin kasuwa ke tafiya a jere, na bi bayansu da rana tsaka, bakina bai huta da addu'a ba har na shiga gari.

Alhaji Ɗanjumma ya karɓe ni da fura. Muka gaisa har na fara tunanin ya manta da tambayar abin da ya kawo ni. Da na faɗa masa sai ya ce, "Bawa na Bakura? Mai mashin ɗin da ka turare gari? Shina da rai?" Ya shiga cikin gida ya daɗe, ina jin ana jan akwatin ƙarfe. Ya fito da wani ƙunshi a takarda mai maiƙo. Fistin ne sabo fil da ringinsa, ko yatsa bai taɓa shi ba.

"Shi kaɗai ya rage," in ji shi. "In ka ɓata shi, kada ka dawo, don babu wani. Ka gaishe min da Bawa."

Na haɗa injin a nitse. Da na zo kan kujera, na tarar da ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaure da waya a ƙarƙashinta, ya yi baƙi ƙirin. Na yi dariya ni kaɗai, domin na san shi. A nan ne kuma nake so ku buɗe kunne. Baburan da kuka sani, fetur na sama a tanki, baƙin mai na ƙasa a cikin inji, kowa da ɗakinsa. Mai Turare ba haka yake ba. Shi a haɗe yake shan su, kamar fura da nono. Famfon da ke ba shi baƙin mai ya mutu tun ina yaro, don haka a tanki ake yi masa haɗi, kuma wannan gwangwani shi ne ma'aunin Maigida. Baƙin man ya bi fetur ya shiga, ya shafe fistin, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Shi ya sa yake hayaƙi, shi ya sa mutanen Bakura suka yi masa wannan suna. Babur ɗinku in ya yi hayaƙi ciwo ne. Shi kuwa ranar da ya daina hayaƙi, ranar ce zai mutu.

Na yi haɗi, na yi bisimilla, na taka. Ya yi tari ya yi shiru. Na sake, na sake, gumi na zuba. Can sai ya kama, da wannan siririyar ƙara tasa mai kama da ta ƙudan zuma, shuɗin hayaƙi ya cika layin nan. Mai shayi ya fito yana fifita da faifai yana tsine mini. Kanikawa suna ihu wai ringi ya mutu. Ni kuwa na tsaya cikin hayaƙin ina shaƙa, daɗi ya cika ni har wuya. A lokacin an fara yankan gero. Na ce zan ɗan riƙa zagayawa da shi a hankali ya saba, sannan in kai wa Maigida.

Sai aka yi mana rasuwa a Ruwan Gizo, na tafi zaman makoki. Ina dawowa da yamma na tarar da Lawali zaune a kan benci, wando a yage, gwiwa na jini, Mai Turare kuma a kwance a gefensa. Na taka kik. Ya daskare kamar ranar da aka kawo shi.

"Mi ya hwaru?"

"Yaya, na zo ban ishe ka ba. Na tada shi na ga hayaƙi, na leƙa tanki na ga man ya sauya launi. Na ce lalle 'yan bumburutu sun cuce ka da gurɓataccen mai. Sai na juye shi, na tahi gidan mai na ciko shi da mai tsabta, don in kai ma Baba shi ji daɗi. Hayaƙin ma hwa ya ɗauke, shina gudu kamar sabo. Ina kusa da kwanar Bakura sai ya yi ƙara, tayar baya ta kahe."

Ban san sa'ad da na jefar da hulata ba. Na ce, "Kai Lawali! Ɗan janareton da kaka cajin waya da shi, ba ka yi mai haɗi?"

"Ina yi, Yaya. Amma ai wancan janareto na, wanga kuwa mashin na."

Kun ji gyaran gangar Auzinawa. Mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana kabu-kabu, bai taɓa riƙe babur mai shan haɗi ba, na ubansa ma bai san abin da ake zuba masa ba, kuma duk wanda ke layin nan a ranar ya taya shi juye man, suna yaba masa. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Da na juyo na ga ƙato da gemu yana share hawaye da bayan hannu, sai tausayinsa ya kama ni. Shi da ya so sayar da babur ɗin a kilo, yau shi ne ya ƙagu ubansa ya ji ƙararsa. Na ce ya tashi ya je a wanke masa gwiwa.

Ya roƙe ni kada Baba ya ji, amma shi da kansa ya kasa riƙewa. Washegari ya dawo da wani abu naɗe a tsumma. Ya ce da ya gaya wa Baba, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi a ɗauko masa jakar fata, ya laluba ya zaro wannan ya ce a kawo mini. Na warware. Tsohon magagarinsa ne, mai laushin haƙora. Ba saƙon baki, kuma ban buƙaci wani ba.

Da katako da ƙaramar guduma na fitar da fistin, a hankali. Gefen da ke kallon salansa ya kakkarce, ya narke ya shafe a jikin bulok, ringi kuma sun karye. Duk wanda ya leƙo ya ce a haƙura. Ni kuwa na ce ai ba a gaya mini akwai wani fistin a Maradun ba. Lawali ya riƙa ajiye kabu-kabu da azahar yana zuwa, na ba shi samfefa mai laushi da kananzir, ya yi ta gugar cikin bulok har yatsunsa suka sale. Ni kuma na zauna da fistin. In kunna fitilar kwano in turara shi ya yi baƙi, in zura shi cikin bulok in zaro. Inda baƙin ya goge, nan ne yake cizo, sai in shafa magagari a wurin kaɗan. In sake turarawa, in sake zurawa. In ka ci da yawa ya yi sako, ba a mayarwa. Haka na wuni ina yi, na kwana na tashi na ci gaba, har ya riƙa shiga yana fita sumul.

Saura ringi. Nan ne tarkacen muguwar shekara ya yi rana. Na kwance matattun injinan ban-ruwan nan ɗaya bayan ɗaya, har na sami wani tsoho mai shan haɗi wanda ringinsa ya ɗan ɗara namu. Na rage bakinsu da magagari, na fitar musu da gurbi, na karya ɗaya, na sake da wani. Da tsohuwar zuma ake magani. Da muka haɗa, na miƙa wa Lawali gwangwanin tumatir na ce shi zai yi haɗin da hannunsa. Ya auna, na ce ya ƙara kaɗan saboda sabon aiki. Mai Turare ya tashi. Akwai 'yar ƙara ƙas-ƙas a cikinsa wadda da babu, amma da Lawali ya ga hayaƙi sai ya ɗaga hannu sama yana hamdala, shi da ya zubar da mai saboda hayaƙin.

Kafin nan an gama girbi, dawa ma ta shiga rumbu. Saƙo ya zo cewa Luba ta iso Bakura, da safe za su wuce. Bayan azahar na hau Mai Turare, Lawali na bina a nasa. Ban matsa masa ba, in ya yi zafi in tsaya gindin bishiya ya huce. La'asar ta yi mana a hanya. Muna karya kwanar unguwarsu na hango Maigida tsaye a ƙofar gida, dogare da sanda, fuskarsa na kallon inda muke fitowa. Aka ce tun muna bakin gari ya miƙe, kowa na tambayarsa lafiya.

Na tsaya a gabansa ban kashe ba. Ya miƙo hannu ya shafa tanki, ya shafa fitila, ya ja numfashi mai tsawo.

"Haɗin ya yi yawa," in ji shi. Ya karkata kunne. "Kuma fistin na da ɗan sako."

"Shina kai mu, Maigida."

"Awo, shina kai mu. Kai ni hilin idi."

Muka ɗora shi a baya, na tafi a hankali, Lawali da Luba da mutanen gida suna biye. Da muka isa tsakiyar fili na tsaya, ina tsammanin an gama. Sai ya zame ya sauka, ya laluba ya kama kan babur ɗin.

"Koma baya, Sanda."

Luba ta dafe ƙirji. "Haba Yaya Sanda! Mutumin da ba ya gani? Kashe muna shi za ka yi?"

Ni ma na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Na dubi filin, fayau yake, ba rami ba dutse, sai bishiyar dogon yaro can a gefe. Na dubi hannunsa, ya riga ya sami kuloci da totur ba tare da lalube ba.

Ya ce, "Luba, gobe ke ad da ni. Yau ni ad da kaina."

Ta ja da baya. Lawali ya riƙe babur ɗin, muka taimaka masa ya haye, na zauna a bayansa na saki ƙafafuna kusa da ƙasa. Ya sa giya, ya saki kuloci sumul, ko girgiza ba mu yi ba. Na dafa kafaɗarsa ta dama, ya karya dama. Na dafa ta hagu, ya karya hagu. Da muka miƙe na ɗan danna tsakiyar bayansa, ya ƙara wuta, iska ta cika masa riga har tana dukan fuskata. Sai na ji bayansa na girgiza. Na ɗauka tari ne, ashe dariya yake.

Muka zaga, muka sake zagawa, hayaƙi ya yi zobe a filin. Rana ta yi ƙasa, Luba na ta ɗaga mini hannu, ni kuma ina jin tsoron kada ya gaji. Na dafa kafaɗunsa biyu a tare. Bai rage ba. Na sake dafawa da ƙarfi.

Ya ɗan karkato kai ya ce, "Ban ji ba!" Ya murɗa totur.

Na ɗaga hannu sama zan rama ranƙwashin nan, na dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin hularsa, hawaye suka cika mini ido. Na sauke hannun a kan kafaɗarsa ta dama, muka karya. Ba mu tsaya ba sai da haɗin ya ƙare a tanki. Daga nan muka turo shi gida ni da Lawali, Maigida na zaune a kai riƙe da kan babur ɗin, ya ƙi sauka har ƙofar zaure. Da safe, kafin Luba ta tafi da shi, ya ce in riƙe Mai Turare a wurina, shi ne kuke gani bayan rumfa.